Shanyar Barkono a Hanyar Gazara

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokan tafiya biyu, za mu suna Ikara a motar da na ara wajen yayana. Tun da ya miƙo min makulli nake kaffa-kaffa, don mutum ne da ko ƙuda ya sauka a motarsa sai ya nemi ba'asi.

Ta Kudan muka bi, rake dama da hagu, ga araha har da gyara. A Makarfi muka karya da waina, na kujerar gaba ya cika aljihu da mazarƙwaila wai tsarabar yara, kafin mu bar garin ya cinye. Kaka ce, kowa ya baza shanya a gefen kwalta ya kewaye ta da duwatsu.

Kusa da Gazara akuya ta faɗo titi. Na kauce mata, na haye duwatsun, na bi ta kan barkonon wani dattijo, na watsa rabinsa cikin kwatami. Noman shekararsa ke nan.

Na kira yayana. Da ya gama faɗa ya ce motar tana da inshorar da ke biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani, amma in ɗauki hoto kafin a taɓa komai, kuma sai mai kaya ya nemi haƙƙinsa. Ina juyowa na tarar samari sun turo motar kan titi, mata sun share wurin tas. Su a ganinsu taimako ne.

Na durƙusa na yi wa dattijon bayani. Ya ce, "Ɗana, a gaban jama'a na ce na yafe. Ba zan lashe amaina ba."

"Baba, ba ni zan biya ba, kamfani ne."

"To, shi ma na yafe masa."

Matarsa ta ajiye tsintsiya ta nufi bayan motar.

A Ikara ko naman suna ban taɓa ba. Mun dawo gida bayan la'asar, yayana ya zagaya motarsa, bai ga komai ba sai ɗan ƙwarzane, ya huce. Ni ne ban huce ba. Tafiyar ta koya min cewa inshora sai an nema take biya, mutanenmu kuwa kunyar nema suke yi. Idan ka yi ɓarna, yi maganarta kafin a yafe maka.

Da na buɗe but ɗin motar, sai ga ƙullin barkono, ashe matar dattijon ce ta saka mana tsaraba. Har yau na kasa bari a daka shi.