Taguwa a Kan Danga

Wanda zan ba ku labarinsa, ban taɓa kiran sunansa ba. Ni na haife shi, shi ne na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. In an ce mata ga shi can ya faɗi, sai ta ci gaba da dakanta. Haka muka taras, haka muka yi. Ku riƙe wannan, don in ba ku riƙe shi ba sauran zancen ba zai shige ku ba.

Muna zaune a ƙasar Kurfi, wajen Birchi. Fulani ne mu, amma Fulatancin ya tsaya a bakin tsofaffi. Da aka yaye yaron, yayan maigidana ya aiko a ba shi riƙo. Shi a Dutsin-Ma yake, yana da jakuna, yana bin ƙauyuka sayen gyaɗa. Aka ba shi. Ba a tambaye ni ba, ko da an tambaye ni ma kai zan sunkuyar.

Ana nan, sai zamanin da aka matsa wa gidaje su kawo yara boko. Baffan ya dubi na cikinsa, ya dubi na riƙo, ya miƙa na riƙo. To, ikon Allah, sai yaron ya so abin. Shi kuma baffan ya ga ya yi asarar mai kora mashi jakuna. In yaro ya tafi makaranta, ya dawo ya sha igiyar jaki, a hana shi tuwo. In bai tafi ba, a aiko daga makaranta a kamo shi. Wannan duk daga baya na tsince shi gutsure-gutsure. A lokacin ban san komai ba.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma nakan ɗauki nono da man shanu in tafi. Akwai wata mai fura da mijinta ya rasu, gidanta na bayan kasuwa, ita ke sayen nonona, gefenta nake zama. Mace ce mai baki.

"Fillo, yau ma rabin ƙwaryar daga rijiya aka tatso shi ko?"

"Ruwan sama ne ya faɗa ciki, Yaya."

"Kan ki kaɗai aka yi shi ke nan."

Muna cikin haka sai ga yaron. Ya durƙusa ya gaida mai fura. Na kau da kai, amma ido ko an kau da shi yana da wutsiya. Ya rame, wuya kamar mariƙin ludayi. Wata tsohuwar riga ta manya ce jikinsa, kuma a karkace yake tafiya.

"Kai ɗan boko, ina taguwar makarantar? Ko an gane kanka ba ya ja ne an koro ka?" in ji mai fura.

Ta dama mashi fura, ya sha a tsugune. Da ya ajiye ludayi sai ya yi magana, ba da ni ba, ba da ita ba, ƙwaryar yake kallo. Ya ce, "Kasuwa mai zuwa motar gyaɗa za ta tashi Funtuwa. An ce suna neman yaron mota." Ya matso kamar zai gyara faifan ƙwaryata, ya miƙe ya tafi.

Mai fura ta dube ni. "Ɗan wa ye wannan? Na ga kin zama dutse."

"Ɗan gidanmu ne."

"Gidan naku ba mutane? Yaron nan wani lokaci rumfar mahauta yake kwana da karnuka. Ni ga zauren marigayi nan, ba kowa sai kaji. Amma wa zai ɗauki ɗan riƙon wani ba da yawun kowa ba? Gobe a tsai da ni gaban alƙali."

Na ɗauki ƙwaryata na kama hanya.

Sai da na kai rafi a hanyar gida, na sauke ƙwarya zan ɗauraye, na ɗaga faifai, na taras da taguwar a naɗe. Na warware ta. Gaba lafiya lau. Baya kuwa ta tsattsage layi-layi, jini ya bushe ya ƙame ta kamar fata.

Na zauna bakin rafin nan, kaina ya ɗaure. Wanki yake so? Ɗinki? Ko cewa yake ya bar boko, ga kayansu? Ko sallama ce yake yi mani kafin ya bi mota? Yaron da ban taɓa yi wa magana ta minti ɗaya ba, ta ina zan san harshensa? In ya dawo ƙauye karatu ya ƙare, kuma gobe a maida shi inda ya fito. In ya zauna can, igiya. In ya bi mota, shi ke nan, duniya ta ɗauka.

Da na kai wa maigidana tuwo, na tsuguna na ce, "Malam, an ce na Dutsin-Ma ba ya jin daɗi."

Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Can kuma ya ce, "Abin da na ba yayana da hannuna, da wane baki zan ce ya maido?" Ya ture akushin, bai ci rabi ba. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma bakinsa a ɗaure yake.

Ban wanke taguwar ba. Da asuba na shanya ta a kan dangar da ke kallon ɗakin uwar mijina, na juya bayan waje. Kada ku tambaye ni me nake nufi, ni ma ban sani ba. Surukata ce, ko ido ba na haɗawa da ita. Kuma baffan nan ɗan farinta ne, ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta yi mashi faɗa.

Ta fito da buta. Ta tsaya. Ta daɗe tsaye. Ta sauke taguwar, ta koma ɗaki da ita, ta ja asabari.

Kwanaki suka wuce ba ta ce komai ba. Na ce na shiga uku, na kai ƙarar ɗanta gare ta, na yi rashin kunya a banza. Ga kasuwa na matsowa. Sai jajibirin ranar ta leƙo inda nake kaɗa nono ta ce, "Ke 'yar nan, gobe ki tashe ni. Zan je in ga mijina, ya daɗe bai kawo cefane ba."

Kun dai san kaka da jikanta namiji, miji take ce mashi, wasa ne tsakaninsu, ba mai shiga. Da safe muka taras maigidana ya ɗaure mata jaki a ƙofar gida, shi kuma ya wuce gona tun da duhu.

Da muka shiga gari motar gyaɗa na tsaye ana lodi. Na dudduba ban gan shi ba, ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Baffan na zaure yana awo. Da ya ga uwarsa ya zube ƙasa ya sunkuyar da kai. Ta wuce shi kamar turmi. Ni na tsaya bakin ƙofa. Ta shiga tsakar gida ta ɗaga murya.

"Ina mijin nawa? Ina ragon maza, mai barin mace da yunwa?"

Sai ga shi ya fito daga wajen turken jakuna, da ɗan ƙunshi a hammata.

"Au! Guduwa za ka yi ka bar ni da zawarci? Maza ɗauko tabarmarka da allon nan naka na Nasara. Yau zan tare, kuma ba a gidan nan ba."

Matan gida suka kwashe da dariya. Ta riƙo hannunsa suka fito zaure. Nan ta ciro taguwar daga cikin zanenta, ta shimfiɗa ta a kan buhun gyaɗa, baya a sama. Dariyar ta mutu.

Baffan ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, yaron ne ba ya ji."

Ta ce, "Mijina, ka ji wani abu? Ni ban ji ba." Ta naɗe taguwar, ta miƙo mani ba ta dube ni ba.

Na shige gaba, suka biyo ni har gidan mai fura. Tana hango mu ta rangaɗa guɗa. "Ango da amarya! Fillo, ke ce 'yar rakiya? To shigo ki kori kaji, ga tsintsiya." Ta ce da tsohuwa, "Inna, da yawunki?" Tsohuwa ta ce, "Da yawuna. Mai son alƙali ya zo ya kai ni."

Tsohuwar da ba ta taɓa kwana wajen ƙauye ba, sai da aka gama yankan dawa ta dawo gida. Shi kuwa yaron ya zauna can. Yana ɗebo wa mai fura ruwa, tana ba shi tuwo, har ya gama makarantar aka wuce da shi Katsina. Mai furar yake kira Inna. Ni Adda, wato yaya, yake ce mani har yau da gemunsa ya yi fari.

Ba wanda ya taɓa cewa an karɓe shi. Har baffan ya rasu ɗan gidansa ake kiran yaron, kuma shi da maigidana ba su fasa gaisawa ba. Ban san ko maigidana ya ga abin da ke kan danga ba. Ban san me yaron ya nufa da sa ta cikin ƙwaryata ba. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Taguwar kuwa na jiƙa ta da ruwan toka, na wanke, na bi tsagar ɗaya bayan ɗaya da allura. Na kai wa mai fura. Ta jujjuya ta a hannu.

"Fillo, wannan ɗinkin uwa ne."

"Ɗan gidanmu ne, Yaya."

"Na ji."

Da rana ta karkata yaran boko suka taso, suka ratso ta kasuwa, yana cikinsu. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ɗinkin kafaɗar hagu ya ɗan tattare.