Igiyar da Na Ɗaura wa Yaya

Yayana ɗan dako ne tun gemu bai fito masa ba. A siton da muke aiki, bayan tashar manyan motoci, babu mai kiransa da sunansa na yanka, sai Kafaɗa. Buhu biyu yake saukowa da su daga tirela a tafiya ɗaya, yana tafe yana tsokanar masu ɗaukar ɗaya. Matarsa, 'ya'yansa huɗu, da tsohuwarmu da ke ɗakin ƙurya, duk ƙafafun nan nasa biyu ke ciyar da su. Ni ne autan gidan. Shi ya kawo ni siton shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma har yau bai yarda na iya ɗaukar kaya ba.

Shekara uku ke nan da wani jagoran masu yawo ya fara zuwa neman 'yan dako. Ashe akwai mutanen da ke baro fanka da katifa a gida, su yi kwana tara suna tafiyar ƙasa cikin duwatsu, wai don nishaɗi. Ni dai ban taɓa gane wannan sha'awa ba. Namu shi ne mu ɗauki tanti, ruwa da tukwane mu bi su. Yaya ya je sau biyar ya dawo lafiya, a na shida ya tafi da ni.

Ranar kwana na biyar, jagora ya wuce da baƙinsa tun gari bai gama wayewa ba, akwatin magani na bayansa. Mu biyu aka bari mu naɗe tantuna mu biyo su. Diddigena ya yi bororo ina ɗingishi, sai Yaya ya cire tukunyar gas daga kayana ya ɗora a kan nasa.

"Kai dai Auta, da a ofis aka haife ka," in ji shi.

Ɗan dako ba ya sauke kaya ƙasa idan zai huta, don ɗagowa daga ƙasa ta fi tafiyar wahala. Tudu yake nema, ya juya masa baya, ya ja da baya har kayan su zauna a kai. A sito da dakalin ƙofa muke yi, sau ɗari a rana, ba ma ko waiwaye. Da hantsi muka iso wata gangara, Yaya ya hango tudun jar ƙasa daidai ƙugunsa, ya juya ya ja da baya. Bai duba ƙasan tudun ba, ni ma ban duba ba. Akwai bakin rami a wurin.

Gurnani na fara ji, sannan ƙura ta tashi. Gadu ne, aladen dajin nan mai haure, yana kwance a ciki Yaya ya toshe masa ƙofa. Ya fito da kai ta tsakanin ƙafafun Yaya, ya wuce ni da gudu wutsiya a sama. Har na buɗe baki zan yi dariya. Sai na ga Yaya a ƙasa kaya sun danne shi, bayan ƙafarsa ta dama a tsage daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu.

Na cire rigata na danna, nan take ta jiƙe. Na sa tawul, shi ma haka. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake. Na ɗaga waya sama ina zagaye kamar mahaukaci, babu sabis ko ɗigo. Na ƙwalla wa jagora kira har muryata ta dushe, duwatsu kawai suka amsa min.

"Igiya," in ji Yaya. "Ɗaure ta, Auta."

Na kwance igiyar kaya. Na fara gwadawa a ƙasan gwiwa, kusa da ciwon, amma jini ya sa tana santsi. Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Buhu a inda ya fi kauri ake ɗaure shi, nan igiya ke cizo. Na haura da ita sama, tsakiyar cinya, na zagaya sau uku, na taka da ƙafa na ja, na yi ƙullin da muke yi wa kayan tirela, wanda ba ya sassautawa sai an isa. Yaya ya yi ƙarar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Jinin ya tsaya.

"Madalla," ya ce yana haki. "Yau ka iya ɗauri."

Su jagora suna sama, hawa ne na awa uku ga mai lafiya. A ƙasa kuwa akwai titin manyan motoci da muka hango jiya. Na zaɓi gangara. Na durƙusa na ce ya hau.

"Kayan mutane fa?"

"Yaya, don girman Allah ka hau!"

Mutumin da ya goya ni ina ƙarami, ranar ni na goya shi. Nauyinsa ya fi duk buhun da na taɓa ɗauka, ga shi buhu ba ya nishi a kunnenka. Bororon diddigena ya fashe, takalmi ya cika da ruwa, ban kula ba. Da azahar ruwanmu ya ƙare. Na faɗi sau biyu, a na biyun na daɗe a durƙushe ina kuka, ina roƙon Allah ya turo ko makiyayi ne. Babu wanda ya zo sai ungulu biyu da suka bi mu tun daga gangarar.

Wajen la'asar ya ce, "Auta, ƙafar ta daina ciwo."

Wallahi murna na yi. Na ce alhamdulillahi, sauƙi ya fara samuwa. Na taɓa ta na ji ta yi sanyi, na ce iska ce. Na duba ƙullin, yana nan daram, har wani daɗi na ji a raina.

Rana na gab da faɗuwa muka fito titi. Motoci uku suka wuce mu, ban ga laifinsu ba, wa zai tsaya wa mutum biyu jina-jina? A ta huɗu na kwantar da Yaya na tsaya a tsakiyar kwalta hannu a sama. Direban ya zage ni tas, sannan ya sauko ya kama min shi. A asibiti nas ta yi ta fama da ƙullin, daga ƙarshe da almakashi ta yanke igiyar.

Da safe likitan tiyata ya kira ni baranda, takarda a hannunsa. Ya ce igiyar ta tsare masa rai, amma ƙafar ta mutu, dole a cire ta yau kafin gubar ta shiga jiki. Na koma na gaya wa Yaya. Matarsa, da ta iso cikin dare, na zaune a bakin gado, ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa ya juyo ya dube ni.

"Je ka roƙe shi ya bar min gwiwa," ya ce. "Mai gadin tasha ƙafar roba gare shi, amma da gwiwarsa, har keke yake hawa. In akwai gwiwa zan tura baro. Yaran nan ba za su rasa abinci ba."

Na bi likita da gudu har ƙofar ɗakin tiyata. Na durƙusa masa a gaban mutane.

"Ranka ya daɗe, ciwon ai a ƙasan gwiwa yake. Ko haure bai taɓa gwiwar ba."

"Na gani," ya ce, ya kamo hannuna ya ɗaga ni. "Ba ciwon muke bi ba, malam. Duk abin da ke ƙasan igiyar ya mutu. Inda aka ɗaure, nan za mu yanke."

Ya miƙo min biro. Na sa hannu, da hannun da ya yi ƙullin.

Da na dawo ɗakin, Yaya ya yunƙura ya ɗago kai daga filo.

"Ya yarda?"

Na tsaya riƙe da ƙarfen gadon. Ya dubi fuskata, ya dubi shatar igiyar a tsakiyar cinyarsa, sannan ya ja zane ya rufe ta don kada matarsa ta gani.