Masinja da Fenti Kala Uku

Shekara talatin da ɗaya Masinja ya yi yana kai wasiƙu ƙauyukan da ke kan tsaunuka, a kan wani baƙin keke mai nauyin tsiya da gidan waya ya ba shi. Gajere ne siriri, amma in ka ga ƙwaurinsa sai ka ɗauka na wani ne ya aro. Da ya yi ritaya aka bar masa keken, don babu ma'aikacin da ya yarda ya gaje shi. Sunan aikin ma ya biyo shi gida. Har jikokinsa Masinja suke ce masa, matarsa ce kaɗai take kiransa Malam.

Bai taɓa son hawan dutse ba. Duk hanyar da ta kewaye tsauni ya san ta. Duk gonar da za a ratsa a tsere wa hawa ya san ta, ya san mai gonar, ya san halin karensa. In kuwa hawa ya zama dole, sauka yake yi ya tura keken yana mita.

Shekara biyu da barin aiki, wata safiya yana tsugune a ƙofar gida yana ɗiga wa sarƙar keken mai, sai ga wani jami'i daga ofishin yawon buɗe ido da takarda nannaɗe a hammata. Mutum ne mai fara'a da saurin baki. Ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya danne gefe ɗaya da kofin shayi, ɗaya gefen da takalmin Masinja.

"Baba, an ce babu wanda ya san duwatsun nan kamarka."

"An gaya maka gaskiya. Wa za a kai wa saƙo?"

"Ba saƙo ba ne. Baƙi ne za su riƙa zuwa hawan keke. Hanya uku muka fitar musu: koriya mai sauƙi, shuɗiya matsakaiciya, ja mai wuya. So muke ka bi su da fenti kana yin alamar kibiya a jikin duwatsu, don kada su ɓata."

Masinja ya duƙa a kan taswirar. Layuka ne birjik kamar kaza ta yi wasa da zare. Ya nemi gidan waya bai gani ba. Ya nemi gadar katako, ita ma babu. Ya juya takardar sama ta koma ƙasa, jami'in ya juyo ta.

"Su baƙin, wurin wa za su?"

"Ba wurin kowa ba. Daga filin ƙwallo za su tashi, su zagaya, su dawo filin ƙwallo."

"Su dawo inda suka tashi?"

"Ƙwarai kuwa."

"To su zauna mana tun farko."

Jami'in ya yi dariya har da dukan cinya, ya ɗauka barkwanci ne. Masinja bai yi dariya ba, amma ya karɓi aikin, don matarsa tana bayan labule tana yi masa alama da hannu. Ta gaji da shi a gida. Tun da ya bar aiki yake bin ta kicin yana jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama.

Kwana goma ya yi yana fita da gwangwani uku na fenti ɗaure a kariya, wato mazaunin kaya na bayan keken. Taswirar tana aljihu, sau ɗaya ya fito da ita, ya goge burushi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne baƙo baƙo ne, ba a tura shi hanyar da kai kanka ba za ka so bi ba. Don haka inda jan layi ya haura babban tsauni, shi sai ya karkatar da kibiyarsa ta kwari, ta bakin rafi, inda hanya take shimfiɗe ga inuwa. Haka ya yi wa shuɗiyar ma. Daga ƙarshe akwai duwatsun da kibiya uku suke jere a jikinsu, koriya da shuɗiya da ja, duk suna nuna wuri ɗaya.

Ranar Asabar baƙin farko suka iso. Ya je filin ƙwallo ya tsaya daga gefe. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne kekunan a kan rufin motoci suka zo. Mutanen suka fito da kaya masu kama jiki da hulunan kwano, takalmansu suna ƙwas-ƙwas a kan siminti kamar kofaton akuya. Ya nemi izini ya ɗaga keken wani, sai ga shi ya tashi da yatsa biyu. Ya duba, ba kariya, ba ƙararrawa, ba abin jingina.

"Sannu," ya ce wa mai keken cikin tausayi. "A hanya aka kwance maka su?"

Kafin rana ta take sun dawo, ko gumin kirki ba su yi ba. Shugabarsu, wata doguwar mace mai furfura da aka ce likitar haƙori ce, ta nufo shi tana cire safar hannu.

"Baba, kai ka yi alamomin nan?"

"Ni ne," ya ce, yana gyara tsayuwa don karɓar godiya.

"Ina dutsen?"

"Ga shi can, ranki ya daɗe."

"Ai ba mu hau shi ba."

"Ni na raba ku da shi. Hawan nan ba na mutane ba ne."

Ta dube shi, ya dube ta. Ta ce tafiyar awa biyar suka yi a mota saboda wannan hawan. Ya sake tambaya ko bai ji daidai ba. Ta maimaita. Da ya koma gida ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba.

"Malam, lafiya?"

"Na sauƙaƙa wa mutane, sun yi fushi."

Ranar Litinin jami'in ya zo riƙe da kai, ya ce a sake. Masinja ya sake, wannan karon ya bi da ja har ƙolin tsaunin kamar yadda aka ce. Sai dai tsofaffin kibiyoyin sun ƙi fita ko da ya dirje su da yashi, don haka ya ja layi a kan kowace ya soke ta. Kibiyar da aka soke kuwa, in ka zo da gudu, kama take da wata kibiyar da ke nuna wani wajen. Ga kuma mai shayin da ke kwanar gadar katako, wanda Masinja ya bar wa ragowar fenti ya shafa wa bencinsa. Shi ma ya ga abin yana kawo mutane, ya zana nasa kibiyoyin guda shida, duk suna nuna teburinsa.

Asabar ta gaba mutum tara suka tashi. Huɗu suka tsinci kansu a harabar makarantar firamare, uku a wurin fasa dutse. Biyu suka dawo ta inda suka fita, suna rantsuwa ba su juya ba. Masinja ya saurari kowa, ya je ya tsaya gaban wani dutse da ya san da hannunsa ya yi masa fenti, ya daɗe yana kallo, shi ma ya kasa cewa ina aka nufa.

Jami'in ya ce an ba da aikin alluna na ƙarfe, amma kafin su iso, Baba ya taimaka ya riƙa shiga gaba da kansa.

Haka ya koma hawan da ya yi murnar rabuwa da shi. Likitar ta dawo da mutanenta. A gindin tsaunin suka yi ta taɓa wasu 'yan ƙarafa a hannun kekunansu, ƙafafunsu na juyawa da sauri keken na tafiya a hankali, suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya suna haki, fuskokinsu kamar ana yi musu allura. Shi ya sauka ya tura nasa. Da ya iso sama ya tarar sun jingine kekunan sun yi tsit, kowa ya zuba wa kwarin ido. Ya ɗauka wani abu ya faɗa, ya leƙa.

"Baba," in ji likitar, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai da ka hau nan sau dubbai, wane lokaci ne ya fi daɗi?"

Ya yi tunani sosai, don ba ya son ya sake ɓata mata rai.

"Ranar da babu ƙunshi mai nauyi."

Ta nuna masa ƙasa da hannu ta ce ya duba. Ya duba. Ya ga rafi, ya ga gonaki, ya ga garinsu. Ya nemo rufin gidansa ya same shi, ya lura kwano ɗaya ta bayan kicin ya ɗago. Can gefe wani ƙaton mutum mai gemu yana share hawaye. Masinja ya matsa kusa da shi.

"Ƙafar ce?"

"A'a, Baba."

"Rasuwa aka yi maka?"

"Daɗi ne kawai."

Masinja ya ce to, Allah ya ƙara, ya koma wurin kekensa.

A gangare labari ya canza. Ya san kowane rami da kowace kwana, ya san inda tsakuwa take zamewa, ga nauyin keken yana jan sa. Ya saki birki ya bi ta tsakiyarsu yana kaɗa ƙararrawa, rigarsa ta cika da iska. Ya isa gadar katako ya sha rabin kofin shayi kafin na farkonsu ya bayyana. Suka iso suna ihu suna tafi. Ya tashi da sauri ya duba kariya, a zatonsa wani abu ya yar a hanya.

Bayan wata huɗu allunan suka iso aka kakkafa, kowane da lamba da hoton keke. Tun daga nan ba wanda ya sake ɓata. Duk da haka baƙi suna zuwa suna tambayar tsohon nan mai baƙin keke, don hotonsa ya zaga a wayoyinsu. Yakan bi su in gwiwarsa ta yarda. In sun tsaya kallo shi ma yakan tsaya ya kalli inda suke kallo, ko zai dace.

Wata Laraba matarsa ta ajiye tsintsiya ta ce ita ma a kai ta ta gani. Shekara arba'in tana shanya a gaban tsaunin nan, ba ta taɓa taka shi ba. Ya ɗora mata matashi a kariya ya goya ta har gindin hawan, suka sauka suka ci gaba da ƙafa, yana tura keken. Da suka kai kwana ta biyu ta hawan, ta ce ƙafarta ta gaji. Suka zauna a kan wani faffaɗan dutse, ta buɗe gorar ruwa ta sha ta miƙa masa. Wasu baƙi biyu suka wuce suna nishi, suka ɗaga musu hannu. Ta bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ta dubi kwarin, ta dubi mijinta.

"Malam, yanzu mun yi yawon ke nan?"

"Ina jin haka ne."

"Sai kuma me ake yi?"

"Sai a koma."

Ta ce bari ta ɗan ƙara hutawa tukuna, tun da an riga an zo.