Indiyancin Tasallah

A unguwar Jurf ta Madina, in ka ce kana neman Tasallah sai a tsaya ana kallon juna, don sunan ya kusa ɓacewa. Amma in ka ce Ummu Zubair mai ɗinkin abaya, nan take za a nuna maka gidan: hawa na biyu, saman shagon mai gyaran firji.

Ba a Madina aka haife ta ba. 'Yar Fagge ce ta Kano, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansu da wani gidan silima marar rufi. A wancan zamani 'ya mace ba ta shiga silima, ko maganar ma ba a yi. To amma katanga ba ta tare sauti. Kullum bayan magariba tana wanke-wanke a tsakar gida, muryoyin Indiyawa na tsallakowa suna sauka a kanta, wannan na kuka, wancan na rantsuwa, wata na rera waƙa. Fim ɗaya sai a yi ta maimaita shi har ta haddace. Da safe yayanta, wanda shi yana shiga, ya faɗa mata wa ya mutu, wa ya auri wa, ita kuma ta haɗa abin da ta ji da abin da ya faɗa. Kafin ta isa aure ta iya yaren mutanen da ba ta taɓa ganin ƙasarsu ba.

Usmanu kuwa haifaffen Madina ne, jikan wani mahajjaci da ya taso daga Kano a ƙafa bai sake komawa ba. Ya zo ganin dangin kakansa aka sauke shi a gidan maƙwabtansu Tasallah. Hausarsa a karye take, rabinta Larabci. Ranar da ya aiko neman ruwa yana cewa a ba shi "moya mai sanyi" ta yi ta dariya har ya ji haushi. Da haushin ya huce sai ya dawo ya ce to ta gyara masa. Gyaran Hausar nan shi ya kai su ga aure. Ya ɗauko ta ya kawo ta Madina, inda yake tuƙa babbar motar jigilar alhazai.

Shekararta ta farko Larabci ya ƙi zama a bakinta. Wata rana ya kai ta kasuwar Sultana sayen yadi, ta yi ta fama da mai shagon, wani Ba'indiye mai furfura, ta kasa faɗa masa ya rage kuɗin. Da abin ya ishe ta sai kawai ta buɗe baki da yarensa. Abin da ya fito shi ne abin da ta sani:

"Ɗan'uwana, don girman nonon uwarka da ka sha, kada ka karya mini zuciya a kan wannan yadi."

Mutumin ya yi dariya har sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya kira maƙwabtansa na shago su zo su ji. Daga ranar masu yadin Sultana suka zama mutanenta. A wurinsu ta koyi sunan allura da zare da almakashi, don Indiyancin da ta zo da shi ya san cin amana da ɗaukar fansa da rabuwar masoya, amma bai san maɓalli ba. Da yadinsu ta fara ɗinki, da ɗinkin ta taya Usmanu renon 'ya'yansu biyu, Zubair da Lubna.

Lubna na jin Hausa sarai, sai dai da Larabci take amsawa. Tana budurwa, in uwar ta fara Indiyanci a kasuwa sai ta ja baya kamar ba tare suke ba. Ta gama jami'a ta samu aiki a wani kamfanin tafiye-tafiye a unguwar Al-Khalidiyya. Shekara biyu da suka wuce kamfanin ya shirya wata tafiya ta alfarma ta mata zalla zuwa tsoffin biranen Indiya: Delhi, Agra, Jaipur, Lucknow, kwana a otal-otal da a da fadojin sarakuna ne. Waɗanda suka yi rajista yawancinsu dattijai ne masu hali, 'ya'yansu kuma suka ce ba su yarda a haɗa iyayensu da yarinya kamar Lubna ita kaɗai a matsayin 'yar rakiya ba, sai da babbar mace. Masu yi musu jagora a can maza ne masu jin Larabci, amma namiji ba ya shiga ɗakin tsohuwa ya tambaye ta ko ta sha maganinta.

Lubna ta zo gida ta zauna kusa da keken ɗinki, tana wasa da guntun zare.

"Ummi, kina da jawaz mai rai?" ta tambaya, tana nufin fasfo.

"Yana nan. Wa ya rasu a Kano?"

"Ba Kano ba. Hind."

Tasallah ta cire ƙafarta daga kan keken. Ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce, "Yau kuma Indiyancin nawa ne ya yi rana?"

Lubna ta sunkuyar da kai tana dariya.

Usmanu, wanda ya riga ya yi ritaya, ya ji maganar yana shan shayi. Ya ce, "Ummu Zubair, shekara nawa kina ba ni labarin mutanen nan kamar 'yan'uwanki. Je ki gan su. Ni dai a nuna mini inda ake ajiye shinkafa."

A filin jirgi ta fara haɗuwa da Abla Wafa, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, doguwa, mai sanda da kan azurfa, wadda ba ta saba a ce mata a'a ba. Ko sallama ba su gama ba ta miƙo wa Tasallah jakarta. Tasallah ta dubi jakar, ta dubi tata, ta ce, "Abla, ni ma tawa ta ishe ni. Bari in kira mana mai turawa." Abla Wafa ta kalle ta sama da ƙasa.

A Delhi 'yan mata masu sari suka tarye su a ƙofar otal da sarƙoƙin furanni da wani faranti mai jan gari da suke ɗiga wa baƙi a goshi. Matan Madina suka ja da baya, 'yan matan suka tsaya cirko-cirko. Tasallah ta matsa gaba ta ce da su, "'Ya'yana, furannin mun karɓa da zuciya ɗaya. Goshin nan kuwa ku bar mana shi, da shi muke sujada." Babbarsu ta ajiye farantin, ta dafa ƙirji ta ce, "Mama, a ina kika samo wannan magana mai daɗi? Kakata ce kaɗai ke magana haka."

Kafin gari ya waye duk ma'aikatan otal sun san da ita. Da shayinta ya zo da sanyi ta ce da mai kawowa ya ci amanarta, kuma ba za ta yafe masa ba har abada. Ya tafi yana dariya, ya dawo da buta guda da wasu abokan aikinsa biyu da suka zo jin ta da kunnensu. Ɗakin da aka ba ta ya fi falonta na Jurf girma. Ta tarar an watsa jajayen furanni a kwamin wanka, ta zaci iska ce ta zubo su, ta tsince su tas ta tara a kofi. Washegari ta tarar an sake zubawa, sai ta gane, ta bar su.

Agra ce ta ba ta mamaki. Ita a ranta Indiya ƙasar hayaniya ce da kiɗa. Suka shiga ta babbar ƙofa da sassafe, ga farin ginin Taj Mahal can gaba kamar ba a ƙasa yake zaune ba. Mai jagora na ta bayanin marmara da shekarun da aka yi ana gini. Da ya ce sarkin ya gina shi ne a kan kabarin matarsa, kuma shi ma a nan yake kwance, Tasallah ta ce, "Ashe maƙabarta muka zo." Sauran na ɗaukar hoto, ita ta tsaya gefe ta ɗaga hannu ta yi wa mamatan addu'a yadda ta saba yi wa mutanen Baƙi'a. Da ta shafa ta ga Abla Wafa a gefenta, ita ma hannunta a sama, sandar a maƙale a hammata.

A Jaipur gwiwar Abla Wafa ta kumbura saboda hawan ganuwa. Ta ƙi likitan otal, ta ƙi abinci. Tasallah ta shiga ɗakin ba tare da an kira ta ba, ta fito da man zafi daga jakarta ta murza mata gwiwar, tana ba ta labarin yadda ta koyi yare ta bayan katanga. Abla Wafa ta yi dariyar da ta manta da ciwon. Daga ranar ta daina ce mata "ke", ta koma "Ummu Zubair".

Lucknow ce birni na ƙarshe. Aka kai su wani babban shago mai sanyi inda ake sayar da riguna masu farin surfani na hannu, aikin da garin ya yi suna a kai. Matan suka bazu suna zaɓe. Tasallah, da yake sana'arta ce, ta juya riga tana kallon bayan ɗinkin. Tana cikin haka wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai tabarau ta shigo ta ƙofar baya da ƙunshin kaya a ka, ta kawo aikin da ta gama. Tasallah ta yi mata sallama, ta tambaye ta ko hannunta ne ya yi wannan. Tsohuwar ta ce nata ne da na maƙwabtanta, sunanta Rehana. Sannan ta tambaya, "'Yar'uwa, daga ina?"

"Daga Madina."

Rehana ta sauke ƙunshin a ƙasa. Ta kama hannun Tasallah da hannu biyu ta ɗora a idanunta. Ta jima a haka kafin ta ce, "Tsakanin gidanki da masallacin Annabi akwai nisa?"

"In na hau mota, kafin shayi ya huce na isa."

Rehana ta ce gidanta na nan bayan kasuwa, ba wani gida ba ne, amma in ƙafar mutumin Madina ta taka shi, ita ta gama samun abin da take nema a bana.

A tsarin tafiyar, abincin rana a otal ne, da masu kiɗa. Lubna ta fara bayanin haka, Abla Wafa ta buga sandarta a ƙasa. "Me tsohuwar ta ce?" Aka fassara mata. Ta ce, "Ni ma ai 'yar Madina ce tun kakan kakana. Yalla, a kira mana abin hawa."

Motarsu ba ta shiga lungun, sai a adaidaita sahu suka tafi, dattijan Madina biyu-biyu, suna riƙe da juna suna salati a kowace kwana. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarmi. Kafin su gama zama labari ya zaga, mata suka yi ta shigowa da allurarsu a maƙale a gyale, wasu da jarirai. Aka kawo shinkafa da nama mai laushi daga gidaje daban-daban. Abla Wafa ta miƙe ƙafarta mai ciwo a ƙasa ta ci da hannu, ta nemi ƙari. Tasallah na da ɗan dabinon ajwa da take shan shayi da shi. Aka tsaga shi ƙanana-ƙanana don ya kai ga kowa, wasu ma ba su ci ba, suka ƙulle a bakin gyale za su kai wa mazajensu. Rehana ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake soka allura ta bayan yadi furen ya fito ta gaba, ita kuma ta nuna musu yadda take kama bakin hannun abaya.

Da za su tafi kowace mace ta matso tana faɗin sunanta da na iyayenta, a kai mata gaisuwa wurin Annabi. Tasallah ta ce, "Sunayen sun fi ƙarfin kaina. Zan ce matan lungun Rehana, ya san ku."

A hanyar komawa Tasallah ta tuna wani abu. Shekara kusan arba'in tana Madina, har yanzu wani lokaci a kasuwa akan tambaye ta asalinta daga ina. A lungun nan ba wadda ta tambaya. Ta faɗa wa Lubna haka, Lubna ta kwantar da kai a kafaɗarta ta ce, da Hausa, "Na ji, Ummi."

Satin da suka dawo Tasallah da Abla Wafa suka nemi lokacin ziyara suka shiga Rauda tare a masallacin Annabi, ta isar da saƙon kamar yadda ta yi alkawari.

Tun daga nan duk sanyi kamfanin na tura ta. Lungun Rehana ba ya cikin takardar tsarin tafiya, don Tasallah ta ce ba wurin kallo ba ne, gidan mutane ne. Wadda ta ga dama ta bi ta, ta sayi riga kai tsaye daga hannun mai ɗinkin. Yawanci duka suke bin ta. An yi mata tayin tafiyar Turkiyya ta ce a nemi wata, ita can kurma ce.

Usmanu ya iya dafa shinkafa da ƙwai, kuma shi yake ci har ta dawo. Bara ya fara ƙorafin cewa shi ya yi shekaru yana kai mutane ziyara, ba wanda ya taɓa kai shi ko'ina. Lubna ta ce za ta yi wa shugabanta maganar tafiya ta ma'aurata. Ba a tsayar da rana ba tukuna, amma shi ya riga ya je Sultana ya sayo akwati mai taya, yana nan a bayan ƙofar ɗaki da ledarsa.