Safar Hannun Vasemaca

Duk wanda ya san kasuwar garin Ba, can a tsibiran teku, ya san Vasemaca mai ƙaguwa. Ita ce doguwar nan da ke zama kusa da masu gwaza, ƙaguwoyinta ɗaure da igiya, bakinta kuwa babu mai ɗaure shi. Da safe tana cikin taɓon bakin kogi har gwiwa tana zura hannu a ramuka, da yamma tana tsaron raga wa ƙungiyar ƙwallon matan ƙauyensu. Tun tana budurwa take wannan tsaro, ga shi har 'yarta ta fari ta shiga sakandare.

Abu ɗaya ne ba ta iya ba, kerekere, wato roƙon 'yan'uwa a al'adarsu. In ɗan'uwa ya ce kerekere ya nuna abinka, ya zama nasa, ba a hanawa. Da wannan kalma aka raba Vasemaca da tukunya, da lema, da takalmin zuwa coci. Ita kuwa ko allura ba ta taɓa roƙa ba. Girman kai ne tsagwaronsa, kowa ya sani, ita ma ta sani.

Sai ga shekarar da aka gayyaci ƙungiyarsu gasar mata a garin Lautoka, tare da ƙungiyoyi daga tsibiran Samoa da Vanuatu da Tahiti. Vasemaca ba ta taɓa tare ƙwallon wata 'yar ƙasar waje ba, gwiwarta kuma ta fara ƙara in ta durƙusa. In ba wannan karon ba, shi ke nan. Ƙanenta da ke aikin tsinkar inabi a Ostireliya ya aiko mata da safar hannu ta masu tsaron raga, ruwan ɗorawa, mai laushi. Ta ɓoye ta a ƙasan akwati, tana fito da ita lokaci-lokaci ta shinshina.

Ana gobe wasansu na farko ƙauyen ya karɓi 'yan Vanuatu, waɗanda da su za a kara. Aka haƙa ramin gashi da suke kira lovo, aka ƙona duwatsu, aka jera rogo da gwaza da kaji da kifi a naɗe cikin ganye. Mai kula da ramin shi ne Baffa Peniasi, yayan mahaifinta, tsohon da ba ya rabuwa da ƙaramin rediyonsa. Tsautsayi ya sa Vasemaca ta shanya safar a igiya ta sha iska. Baffa ya zo wucewa, ya tsaya, ya latsa ta da yatsa.

"'Yata, kerekere. Duwatsun nan sun gama da hannuna."

Ta miƙa masa da hannu biyu tana murmushi, zuciyarta na tafasa. Kafin a buɗe ramin safar ta narke ta zama abin tausayi, Baffa kuwa sai yabonta yake, wai bai taɓa ɗaukar dutse cikin jin daɗi haka ba.

Kociyarsu Roshni ta ce ita fa ba za ta sa mai tsaron raga hannu tsirara a gaban baƙi ba, a koma ana ba da labarinsu a tsibirai. Irin safar sai an je can birnin Suva, lokaci kuma ya ƙure. Don haka Unaisi za ta tsaya, tunda tana da tata.

Unaisi 'yar gwaggon Vasemaca ce, ta daɗe a benci tana jiran gwiwar nan ta gaji. Tuni uwarta ta zaga gida-gida da albishir. Vasemaca ta san kalma ɗaya za ta mayar mata da ragarta, ta kuma san abin da kalmar za ta ƙwace. Ta zaga gidan gwaggon tana duba itacen kwakwa kamar mai shirin saye, sannan ta shiga.

Ta tarar da Unaisi zaune a tabarma, safar a cinyarta. Tana ganinta ta ɗaga ta za ta miƙa, idonta ya cika da ƙwalla.

"Ajiye, ban faɗa ba tukuna," in ji Vasemaca. Ta zauna, ta yi gyaran murya. "Kerekere. Rabin wasa kawai. Na farko naki ne. Kuma ki rage zufa, ni zan sa bayanki."

"Yaya, da waɗannan faratan naki? In kika yaga min ita, ƙaguwar wata guda za ki biya."

Roshni ta yi mita, amma ta yarda.

Unaisi ta tare abin da ta tare, aka ci ta ɗaya. Bayan hutu Vasemaca ta cusa hannunta a jiƙaƙƙiyar safar da ta matse ta har yatsunta suka lanƙwashe. Da ta tsaya a raga ta ji 'yan ƙauyensu na kiran sunanta, wani daɗi ya kama ta har ta kusa kuka. Ta ture ɗaya da ƙafa, ta cafke wata a sama tana zagin gwiwarta. Ita ma aka ci ta ɗaya. Suka sha kashi biyu da ɗaya, suka fita suna rawa kamar su suka ɗauki kofi.

Leimala, mai tsaron ragar Vanuatu, ta ci kazar lovo jiya ta kuma ji labarin safar da ta dafa ta. Ta cire tata ta danƙa wa Vasemaca tana dariya.

Ba a jima ba sai ga Baffa Peniasi, rediyo a kafaɗa, idonsa a kan sabuwar safar. Ya latsa ta da yatsa, ya buɗe baki. Vasemaca ta riga shi.

"Baffa, kerekere. Rediyon nan."

Har yau rediyon yana nan a kasuwar Ba, kusa da ƙaguwoyi, yana ta waƙa.