Jiragen Ruwan Mina

Bari in ba ku labarin binciken tarihina na farko, don har yau ina jin kunyarsa ina kuma jin daɗinsa.

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa: wai mahaifin kakata mas'ul ne, wato shugaba, a mina zamanin Turawa, kuɗin ma'aikatan jiragen ruwa suka ɓace a hannunsa, aka kore shi. Ɗan kawuna, abokin wasana, da wannan yake gama ni. Ko ƙwallo na ci shi sai ya ce jinin ɓarayi ne, alhali kakar tamu ɗaya. Ni dai abin yana cina. Na rantse sai na wanke tsohon nan.

Ba wanda ya koya mini bincike, waya ce kawai da naci. Mina kuwa guda ɗaya na sani, inda alhazai ke kwana. Wata Asabar na sauka a unguwar Aziziyya na taka har bakin tantunan nan. Duwatsu, kwalta, rana. Na tambayi wani mai gadi inda jiragen ruwa suke tsayawa a da, ya dube ni, ya miƙo mini ruwan sanyi ya ce in zauna a inuwa tukuna.

A inuwar nan hujja ta zo mini. Babu teku a Mina, Bature bai taɓa mulkin Makka ba, to ina jirgi, ina kuɗi? Sharri aka yi masa! Na rubuta shafi huɗu, na tara 'yan gida bayan la'asar, na karanta a tsaye.

Kakata ta yi dariya har sai da aka riƙe mata kofin shayi. Ta ce, "Kai mijin banza, mina da Larabci tashar jirgin ruwa ce. Bur Sudan ake nufi, ba Minar jifa ba."

Sannan ta ba da labarin, karo na farko a gaban kowa. Babanta ya tsaya Bur Sudan, garin bakin teku a Sudan, a hanyar Hajji, Turawa suka ɗora shi kan 'yan dakon tasha. Ranar biyan albashi aka kawo soyayyen kifi, ya miƙa wa akawunsa makullin akwatin kuɗi don kada mai ya ɓata shi. Kafin ya suɗe yatsu akawu ya kwashe kuɗin ya shiga kwalekwale. Baturen tasha yana son baban nata, ya ba shi ƙofa, ya ce ya faɗi cewa sace makullin aka yi, magana ta mutu. Tsoho ya ce a'a, shi ya bayar da hannunsa, hannun ma na dama. Aka kore shi, ya sayar da gida ya biya 'yan dako, ya kwaso iyali ya haye Jidda.

Na ce, to Hajiya, mai laifi ne ko ba mai laifi ba?

"Bai ci ko sisi ba," in ji ta. "Kifi ya ci. Amma shi ne babba, wa za a tambaya?"

Ɗan kawuna ya buɗe baki, ta nuna shi da carbi ta ce duk wanda ya sake kiran ubanta ɓarawo, ya fara biyan bashin wani da gidansa tukuna, sannan ya zo su yi magana. Ya rufe bakin. Yanzu kyaftin ɗin jirgin Mina yake kirana, na kuwa amsa.