Ruwan Zafi Daga Bango

Ɗana na fari yana ƙasar Turawa, can inda ƙanƙara ke zubowa daga sama. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. A hannun uwata ya tashi, shi ya sa har gobe Adda yake ce mini, yadda ƙannena ke kirana. Mu haka muka taso: ɗan fari ba a yabonsa, ba a haɗa ido da shi, ba a roƙonsa komai.

Da matarsa ta haihu, aka ce a aika da tsohuwa ta yi mata wankan jego. Wace tsohuwa? Uwar mai jego mana, haka al'ada ta ce. Na sani, ban kuma roƙa ba. Surukata Hajja, uwar matarsa, ta unguwar Barade ta hau jirgi, ni na zauna a unguwarmu Sintali ina leƙen mai kura ya kawo ruwa.

Da ta dawo, na shiga keke na je yi mata barka da sauka. Na same ta ta yi fes, ta yi kumatu, kaushin ƙafarta ya ɓace kamar an kankare. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi jariri. Sannan na ce, "Hajja, ina kika samo itace a can? A wace tukunya kika dafa ruwan?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wane itace, ke kuwa? Ruwan zafi a bango yake. Ki murɗa nan, tafasasshe. Ki murɗa can, mai sanyi."

Ruwan zafi a bango! Ni da na yi wa 'ya'yana mata jego ɗaya bayan ɗaya, ina tashi kafin ladan, ina hura ɗanyen itace har hayaƙi ya rage mini ganin idon hagu. Ga tabon ruwan zafi a ƙaurina, da shi za a binne ni. Ita kuwa da yatsu biyu ta yi jegonta.

Na yi ta tambaya, tana ba ni amsa kamar ana tatsar busasshiyar saniya. Wuta? Ba a ɗauke ba ko sau ɗaya. Sauro? Ba ta ji kukansa ba, a buɗe take kwana. Kayan jariri inji ke wankewa, ya kuma busar. Ta ce motar haya tasu, in ta ga tsoho a bakin hanya, sai ta rusuna masa har ya taka ya shiga. Mota ta rusuna wa mutum! A nan mai keke ce mini yake, "Mama, ɗaga ƙafa mana, muna sauri."

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na yamma. Ta ce in rana ta yi sanyi takan fita ita kaɗai, ta je wani fili mai ciyawa da tafki, ta zauna a benci tana kallon agwagi. Na ce, "Wa kika je gaisarwa?" Ta ce ba kowa. Ashe akwai ƙasar da tsohuwa ke fita ba don suna ba, ba don ta'aziyya ba, ba don asibiti ba. Ni in na yafa mayafi, kafin in kai bakin titi mutum uku sun tambaye ni wa ya rasu.

Duk wannan kuwa da yatsine take faɗa. "Abincinsu lami, ba daddawa. Maƙwabci bai san kana raye ba. Ga sanyi har cikin ɓargo. Ni kam na tuba, ba ni ƙarawa."

Na ce, "Allah sarki, kin sha wahala." A zuciyata kuwa na ce, an ba marar haƙori tsire. Ta miƙo mini tsaraba, rigar sanyi mai kauri, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa a Jalingo. Na yi godiya.

Ana nan, ana nan, sai ga ciki na biyu. Ɗana ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Adda, haihuwa ta matso, Hajja kuma ta ce ba za ta iya ba."

Na riƙe wayar. Uwata ba ta taɓa roƙon yayana ko ƙwayar goro ba har ta koma ga Allah. Na ji kamar tana zaune a bakin gadona tana kallona. Amma na tuna agwagin nan. Na kawar da kai, ko da yake ba ya ganina, na ce, "Ai ni ma ina da ƙafa."

Na ciro wayar daga kunne na duba. Na ɗauka layin ne ya yanke.

"Adda," ya ce, "wallahi ban san kina so ba. Ba ki taɓa tambayata ko yaya garin yake ba. Mun riga mun yi wa ƙanwar Hajja takardu."

Na ce, "Madalla. Ai wasa nake yi."

"Ba wasa kike ba, Adda. Na gaba ke ce, in Allah ya kawo."

Ƙanwar Hajja ta tafi, yarinyar da a gabana aka yaye ta. Ina jin labari tana can tana kukan sanyi ita ma. Ni kuwa kowace sallah in na idar, sai in ɗaga hannu in roƙa wa matar ɗana lafiya da kwanciyar hankali, in roƙa mata ciki na uku, kada kuma a yi dogon jinkiri, don gwiwoyina sun fara gardama.